Ci-rani da lissafinsa: izinin shiga ƙasa daban, izinin aiki daban

A watan Agustan 2025 majalisar ministocin Gabon ta sanar da cewa wasu ƙananan sana'o'i sun zama na 'yan ƙasa kaɗai. A cikinsu akwai tireda da talla, gyaran waya, aski da kitso a bakin titi, tura kuɗi ba lasisi, haƙar zinariya ba izini, da dillancin amfanin gona. Labarin bai daɗe ba ya iso Garwa da Marwa da Njamena, domin akwai 'yan arewacin Kamaru da 'yan Chadi da ke ci da iyalansu da irin waɗannan sana'o'i a can. Tambayar da ta riƙa yawo ita ce: ashe ba tun 2017 aka ce an buɗe iyakokin ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin yankin tsakiyar Afirka, ba? To ta yaya ƙasar da ke cikin ƙungiyar za ta hana ɗan wata ƙasar ƙungiyar gyaran waya?

Amsar tana cikin bambancin da ke tsakanin izinin shiga ƙasa da izinin yin aiki a cikinta. A tsakanin waɗannan biyun ne kuma mafi yawan ribar ɗan ci-rani ke zurarewa.

Wane ne ɗan ci-rani a idon doka

A bakin mutane duk wanda ya bar gida neman kuɗi ɗan ci-rani ne. Doka kuwa ta kasa su kashi-kashi, kuma kowane kashi da haƙƙinsa.

Akwai wanda bai ƙetare iyaka ba, kamar matasan yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru da ke gangarawa Mbandjock da Nkoteng yankan rake a gonakin kamfanin Sosucam, ko masu sauka Briqueterie a Yawunde da New Bell a Duwala. Wannan katin ɗan ƙasa ya ishe shi. Akwai baƙon da ya shiga wata ƙasa da kwantiragin aiki da hukuma ta sa wa hannu. Akwai wanda ya shiga ta ƙofa, amma wa'adinsa ya cika bai fita ba, ko yana aikin da takardarsa ba ta ba shi dama ba. A nan ne mafi yawan mutanenmu suke, daga Librebil har Jidda. Sai ɗan gudun hijira, wanda yaƙi ya koro, irin 'yan Najeriya da ke sansanin Minawao kusa da Mokolo tun 2013, ko 'yan Sudan da suka kwararo ta Adre, a gabashin Chadi, bayan ɓarkewar yaƙi a watan Afrilun 2023. Dokar ba da mafaka da Chadi ta kafa a ƙarshen 2020 ta ba irin waɗannan damar yin aiki, duk da cewa dama a takarda ba ita ce aiki a hannu ba.

Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna mutum miliyan 281 ne ke zaune a wajen ƙasar haihuwarsu a 2020, wato kashi 3.6 cikin ɗari na al'ummar duniya. Kuma mafi yawan 'yan Afirka ta kudu da Sahara da suka bar ƙasashensu ba su bar nahiyar ba. Hoton kwale-kwale a tekun Bahar Rum shi ya fi fitowa a labarai, amma cunkoson da ke kan gadar Ngeli tsakanin Kusiri da Njamena kowace safiya ya fi shi bayyana yadda abin yake.

Abin da takardar CEMAC ta bayar

Ƙasashe shida ne a ƙungiyar: Kamaru, Chadi, Gabon, Kongo, Afirka ta Tsakiya da Equatorial Guinea. A 2013 shugabanninsu suka amince a soke biza a tsakaninsu. Gabon da Equatorial Guinea, masu arzikin mai da ƙarancin jama'a, suka yi ta jan ƙafa, sai a taron Njamena na watan Oktoban 2017 aka ce kowa ya shigo. Abin da aka bayar shi ne shiga da fasfo ko katin ɗan ƙasa na zamani, a zauna har kwana 90 ba biza. Yarjejeniyar kafa ƙungiyar ta ambaci walwalar ma'aikata da damar kafa sana'a a matsayin manufa, amma abin da ake aiki da shi a bakin iyaka shi ne kwana 90 ɗin nan. Bayan su, dokar kowace ƙasa ce ke magana.

A Kamaru, misali, baƙon da zai wuce wata uku yana buƙatar katin zama, wanda aka fi sani da sejur, mai wa'adin shekara biyu. Idan kuma kamfani zai ɗauke shi aiki, dokar ƙwadago ta 1992 ta ce sai ministan da abin ya shafa ya sa hannu a kwantiragin kafin a fara aiki. Neman sa hannun nan wajibin mai ɗaukar aiki ne, ba na ma'aikaci ba. Idan minista ya ƙi, kwantiragin ya rushe. Idan wata biyu suka wuce bai ce komai ba, ana ɗauka ya amince. Dokar kasafin kuɗi ta 2023 ta ɗora kuɗi a kan wannan sa hannu: albashin wata biyu ga wanda ba ɗan Afirka ba, albashin wata ɗaya tare da rangwamen rabi ga ɗan Afirka.

Najeriya ba ta cikin CEMAC, tana cikin ECOWAS. Zirga-zirga ba biza tsakaninta da Kamaru ta samo asali ne daga yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla tun shekarun 1960. Wannan ma shiga ce kawai, kuma ba ta hana Najeriya rufe iyakokinta na ƙasa ba daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020.

Canji ne ke juya akalar tafiya

Masana tattalin arziki kan ce mutum yana tashi ne idan abin da yake sa ran samu a can, bayan an cire haɗarin rashin samun aiki, ya zarce na gida. A yankin nan akwai abin da ke motsa wannan lissafi fiye da kowane abu, shi ne darajar naira a kan sefa.

Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi sai yuro ya motsa. Naira kuwa tana hawa da sauka. A 2014 naira 1,000 tana ba da kusan sefa 3,000. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya a lokacin naira 18,000 ne, wato kusan sefa 55,000, alhali na Kamaru 36,270 ne. Saboda haka matashin Mora ko Kusiri da ya nufi Maiduguri ko Kano ko Legas yana da hujja. Bayan gwamnatin Tinubu ta saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Naira 1,000 ta koma kusan sefa 400. Sabon mafi ƙarancin albashin Najeriya na Yulin 2024, naira 70,000, bai wuce kusan sefa 28,000 ba, yayin da na kamfanoni masu zaman kansu a Kamaru ya kai 60,000 tun Maris 2023, na aikin gona 45,000. A Chadi ma 60,000 ne a takarda.

Gaskiya ne yawancin leburori ba sa ganin wannan albashi na doka, a nan ko a can. Amma alƙaluman suna nuna inda ruwa ya karkata. Birkila ko mai ɗaura tayil daga Mubi ko Yola da ya yi aikin wata ɗaya a Garwa aka biya shi da sefa, idan ya canza ya koma gida da abin da zai daɗe bai tara ba a can. Shi kuwa ɗan Kamaru da ke da shago a Kano yana aiko wa mahaifiyarsa kuɗi a Marwa, adadin nairar da yake turowa bai ragu ba, amma buhun da take saya da ita ya ragu sosai.

Lissafin da ake yi kafin a ɗaura kaya

Kuskuren da aka fi yi shi ne kwatanta albashi da albashi. Ga misali, da alƙaluman da aka ɗauka don fahimtarwa kawai. A ce saurayi yana samun sefa 40,000 a wata a gida, yana cin rabi, yana ajiye ko ba gida rabi: 240,000 ke nan a shekara. Aka yi masa alkawarin aikin 150,000 a wata a wata ƙasa. Ya ci bashin 300,000 na mota da dillali da abin da ake miƙawa a shingaye. Ya yi wata biyu kafin ya samu aiki. Abinci da ɗaki suna cin 50,000 a wata. A ƙarshen shekara ya karɓi 1,500,000, ya ci 600,000, ya biya bashi, saura 600,000. Kuɗin turawa da asarar canji suka ɗauki kusan 50,000. Abin da ya ƙaru a kan zaman gida bai wuce 310,000 ba. Idan mai gida ya riƙe masa albashin wata uku, ko aka kama shi aka nemi kuɗin fansa, ko zazzaɓi ya kwantar da shi, shekarar ta tafi a banza, wataƙila har da ragowar bashi.

A shekara ta biyu lissafin ya sauya: babu bashin hanya, babu watannin jira, zai iya ajiye 1,200,000. Wato ribar ci-rani mai nisa a shekara ta biyu da ta uku take, izinin zama kuwa na kwana 90 ne. Wannan shi ya sa mutane ke wuce wa'adi. Ba taurin kai ba ne kawai. Komawa gida a wata na uku komawa ce da bashi. Kuma daga ranar da wa'adin ya cika, farashin mutum a kasuwar ƙwadago ya faɗi, domin ba ya iya kai ƙara, ba ya iya buɗe asusun banki, kuma kowane shingen jandarmomi sai ya ci wani abu daga aljihunsa.

Ci-rani na kusa ba shi da wannan nauyi, shi ya sa ya daɗe. A filayen karal, wato ƙasar laka mai riƙe ruwa, na yankin Diamare, da damina ta ɗauke sai a shiga dashen masakwa. Aiki ne da ba ya jira: a share ciyawa, a huda ƙasa da turken ƙarfe ko na itace, a zuba ruwa a ramin, a sa dashe, duk kafin laimar ƙasa ta gudu. Mai gona ba ya iya gamawa da 'ya'yansa kaɗai. Leburori kan zo daga duwatsun Mandara da kuma tsallaken Logone a Chadi, a yi jinga da su a kan kar, wato rubu'in hekta, a ba su abinci da wurin kwana. Cikin 'yan makonni sun gama sun koma, kuɗin motarsu kaɗan ne, sefa ɗaya ce a ƙasashen biyu, babu asarar canji. Ribar ba ta da yawa, amma da wuya ta koma bashi.

Akasin haka shi ne zinariyar Tibesti a arewacin Chadi, wadda aka fara rububinta a wajajen 2013, da wuraren haƙa irin Kuri Bugudi a kan iyakar Libiya. Tsarin da aka fi bi shi ne mai jari ya ba da mota da na'urar nema da abinci da ruwa, a cire duk wannan daga abin da aka samu, sannan a raba saura. Ruwa ma saye ake yi, daga nesa ake kawo shi. Idan rami bai ba da komai ba, kuɗin ci da sha yana taruwa a kan lebura, ba ya iya tafiya sai ya biya. A watan Mayun 2022 rikici tsakanin mahaƙa a Kuri Bugudi ya ci rayuka kusan 100 a ƙidayar gwamnatin Chadi. Libiya kanta ta nuna yadda kasuwar ƙwadago ke rufewa dare ɗaya: a 2011, da gwamnatin Gaddafi ta faɗi, dubun-dubatar 'yan Chadi suka dawo ta Faya da Njamena, gidajen da suke ciyarwa suka rasa mai aiko musu, ga kuma ƙarin baki a tukunya.

Hanyar Gabas tsohuwa ce. Alhazan ƙafa kan yada zango a Fort Lamy, wato Njamena ta yau, da Abeshe, wasu su yi shekaru suna tsinkar auduga a gonakin Gezira na Sudan don tara guziri. Yau jirgi ake hawa, amma tsarin kafil na Saudiyya ya ɗaure igamar ma'aikaci, wato izinin zamansa, da mai gidansa. Gyaran da aka yi a Maris 2021 ya sassauta sauya wurin aiki, sai dai bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, waɗanda su ne mafi yawan masu zuwa daga nan. Wanda ya bar kafil ba izini ana shigar da shi a matsayin wanda ya gudu, daga nan ya shiga sahun 'yan takari.

Kuɗin da ke dawowa gida

Bankin Duniya ya ƙiyasta kuɗin da 'yan ci-rani suka aika ƙasashe masu tasowa a 2023 da dala biliyan 656. Afirka ta kudu da Sahara ta samu kusan biliyan 54, fiye da kashi ɗaya cikin uku na wannan kuma Najeriya ya tafi. Wannan abin da ya bi ta banki da kamfanonin tura kuɗi ne kawai. Yankinmu ne ya fi ko'ina tsada: tura dala 200 yana cin kusan kashi 8 cikin ɗari, alhali burin da ƙasashen duniya suka sa wa kansu shi ne kashi 3 kafin 2030.

Shi ya sa hawala ke da kasuwa. Mutum ya ba ɗan kasuwa dinari a Sabha ko riyal a Jidda, ɗan kasuwan ya kira abokin hulɗarsa a kasuwar Njamena ko ta Marwa, a miƙa wa iyali sefa a ranar. Kuɗi bai ƙetare iyaka ba. Su biyun za su daidaita da kaya, dabino ko atamfa ko kayan mota. Galibi ana cewa babu lada, amma ladan yana cikin farashin canjin da aka yanka wa mai turawa. Hanyar tana da sauri, ba ta tambayar takarda, kuma amana ce kawai jingina. Idan ɗan kasuwan ya karye, babu rasit da za a kai kotu. Tura kuɗi ta waya ya rage wahala a cikin gida, duk da harajin kashi 0.2 cikin ɗari da Kamaru ta ɗora tun Janairun 2022.

Ana yawan sukar cewa kuɗin ci-rani a ciki da biki yake ƙarewa, ba a jari ba. Akwai gaskiya a ciki. Amma gida kan tura ɗa waje ne don kada duk abincinsu ya dogara da damina ɗaya. Shekarar da ambaliya ta cinye gonakin Logone, kamar 2022 da 2024, kuɗin ɗan da ke Duwala ko Librebil shi ke hana a sayar da shanun huɗa. Wannan ma tsare jari ne, ko da bai bayyana a matsayin shago ko injin niƙa ba.

Shin baƙo na karya farashin aiki

A nan ne ra'ayi ya rabu. Masu goyon bayan matakai irin na Gabon suna cewa matasan ƙasa na zaune ba aiki, baƙo kuma yana karɓar ladan da ɗan ƙasa ba zai iya rayuwa da shi ba, domin shi yana kwana a shago, iyalinsa suna inda rayuwa ta fi sauƙi. Suna ƙarawa da cewa sana'ar da ba ta da rajista ba ta biyan haraji, ribarta kuma waje take fita. Ɗaya ɓangaren na cewa aiki ba ƙayyadadden abu ba ne da idan wani ya ɗauka wani zai rasa. Baƙo yana hayar ɗaki, yana sayen abinci, yana ɗaukar yaran shago, kuma sau da yawa yana yin aikin da babu mai yi a lokacin da ake buƙata.

Binciken da aka fi ambata a wannan muhawara ya shafi birnin Miami na Amurka, inda 'yan Kyuba kusan 125,000 suka sauka ta teku a 1980, ma'aikatan birnin suka ƙaru da kusan kashi 7 cikin ɗari a 'yan watanni. Masanin tattalin arziki David Card ya duba bai ga albashin 'yan gari ya faɗi ba. Wani masanin, George Borjas, ya sake duba alƙaluman daga baya ya ce albashin waɗanda ba su gama sakandare ba ya faɗi sosai, wasu kuma suka ce mutanen da ya ƙirga sun yi kaɗan. Nazarin da ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2018 kan ƙasashe goma masu tasowa ya fi kusa da halinmu. Ya samu tasirin baƙi a kan aikin 'yan ƙasa ƙalilan ne a dunƙule, gudummawarsu ga arzikin ƙasa kuma ta kama daga kusan kashi 1 cikin ɗari a Ghana zuwa 19 a Kodebuwa.

Kalmar "a dunƙule" ita ce wurin lura. Mai gonar albasa a Marwa da mai gini a Garwa da mai saye a kasuwa suna amfana da zuwan lebura mai sauƙi. Wanda ke ɗaukar nauyin shi ne mai yin aiki iri ɗaya da na baƙon, a unguwa ɗaya, ba shi da wata sana'a da zai koma. Ƙorafinsa na gaske ne, ko da ƙasa ta ci riba. A gabashin Chadi, inda ɗaruruwan dubban mutane suka sauka cikin ƙanƙanin lokaci a garuruwan da ba su da masana'antu, matsin da ke kan ladan yini da ruwa da itace ba abin musu ba ne. Sai dai tarihi bai nuna kora tana warkar da wannan ba. Ghana ta kori baƙi a 1969, gonakin koko suka rasa leburori, kasuwanci ya ji jiki. Najeriya ta kori kusan mutum miliyan 2 a 1983, har da 'yan Chadi da Kamaru, rashin aikin yi bai tafi ba, domin faɗuwar farashin mai ce ta haifar da shi.

Abin da zai iya biyo baya

Hana baƙi sana'a a hukumance ba kasafai yake kawar da su daga sana'ar ba. Abin da aka saba gani shi ne a yi wa shago rajista da sunan ɗan ƙasa, baƙo ya ci gaba da aiki yana biyan mai sunan wani abu a wata. Kuɗin da ake aikowa gida ya ragu da wannan adadi, haɗarin ƙwace shagon kuma ya ƙaru, tunda a takarda ba nasa ba ne. Masu ƙaramin jari, irin mai gyaran waya da tebur ɗaya, su ne za su fi saurin dawowa ta Kye-Ossi, garin kan iyaka a kudancin Kamaru, su ƙara yawan masu sana'a iri ɗaya a Garwa da Ngaundare.

Ta fuskar Najeriya, muddin naira na ƙasa, masu sana'ar hannu za su ci gaba da tsallakowa neman sefa. Mai gini zai ji daɗin farashi, magini ɗan gari zai ji matsi, kuma kiraye-kirayen a tsaurara binciken sejur za su ƙaru. Sabuwar gadar Yagwa zuwa Bongor da aka buɗe a 2025 ta rage wahalar tsallaka Logone ga leburorin masakwa da na shinkafa, amma ba ta taɓa dokar zama ba. Yarjejeniyar Tarayyar Afirka ta 2018, wadda ta tanadi haƙƙin zama da kafa sana'a ban da na shiga, tana buƙatar ƙasashe 15 su tabbatar da ita kafin ta fara aiki. Waɗanda suka yi hakan huɗu ne: Mali, Nijar, Ruwanda da Sao Tome.